Fuskar da Inna Take Jira

Lahadi, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau na yi wa surukata ƙarya, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙaryar ta zo mini a sauƙaƙe. Na ce kyamarar wayar matata ce ta lalace.

Kowace Lahadi da yamma muke kiran gida ta bidiyo. Auta, ƙanwar matata, ita ke riƙe wa Inna waya a can, mu kuma mu jeru a doguwar kujerar da ke bakin taga, inda haske ya fi kyau. Kunnen Inna ya yi nauyi tun kafin ciwon nan ya kwantar da ita, da ido take ji. In tana ganin bakinka za ta kama rabin magana, sauran rabin ta cika da kanta. In murya ce zalla, sai ta yi ta cewa, "Na'am? Wa ke magana?" har ta gaji ta miƙa wayar.

Yau murya zalla ta samu. Matata ta kulle kanta a ɗaki tana ɗaga murya, "Inna, ni ce! Ni ce mana!" Ina falo ina jin ta ta bango. Can sai tawa wayar ta yi ƙara. Auta ce.

"Mijin Anti, in tata ta mutu taka ai tana da rai. Miƙa mata."

Na ce ta shiga wanka.

"Da waya a kunne? Ku mutanen waje akwai iyayi."

Na yi dariyar da take so in yi. Fuskar matata ba ta nunuwa, shi ke nan. Kumatu biyu da goshi. Ba zan bayyana a nan ba.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida na safe, a cikin bas

Na'urorin gyaran fuskar nan na matata sun haura shekara bakwai a gidanmu. Ni na raɗa musu suna, don sunayen da ke kan kwalayensu harshena bai iya su ba. Dodo ne ya fara zuwa, farin abin rufe fuska mai ramin ido da na baki, in an kunna shi ya yi jawur kamar garwashi. Ranar da na fara tarar da ita zaune da shi, salati na saki na ja da baya, ita kuwa dariya har da riƙe ciki. Daga shi sai Dutsen Guga, mai ɗumama fata wai don ta ɗame. Sai Bushiya, 'yar sanda mai ƙananan allurai a kai, da ake mirginawa a kumatu. Kowane da ranarsa kamar masu gadi.

Tsakani da Allah, duk shekarun nan ban ga sun cuce ta ba. Ko sun amfane ta, ita da madubinta suka sani. Mutane dai suna cewa ba ta tsufa, ni ma in an faɗa a gabana kaina kan kumbura kamar ni na yi aikin.

Walƙiya ce ta zo da tsiya. Wata abokiyar aikinta ta bar mata, mace fara sol, ta ce ita ta share mata duk ɗigon tsufa. A ɗora a fata a danna, ta yi wal. Ta daɗe tana amfani da ita a ƙaramin ƙarfi, baƙin tabon da ke ƙarƙashin idonta ya ƙi motsi. Sai ta murɗa ta zuwa ƙarshe, ta bi fuskar kaf. Ta ce ta ji zafi, amma ta ɗauka zafin aiki ne.

Safiyar da ta biyo baya ba ta rubutuwa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ba ta fito ba. Na ajiye abinci a bakin ƙofa da safe, na dawo na tarar an ci rabi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya, hutun cin abinci

Injin gugar wurin aikinmu ya kai faɗin ɗaki. Ni da abokin aikina Dogo muke tsayawa a bakinsa, kowa ya kama kusurwar zanen gado, mu ja ya miƙe, mu saka wa injin a baki, ya fito ta baya sumul. Zannuwan otal, daga safe har yamma, cikin tururi. Na taɓa ce wa matata sana'armu ɗaya, ni ina guge yamutsin zane, ita tana guge na fuska. A lokacin ta yi dariya.

Jiya na tsaya kemis ɗin da ke kusa da tashar bas. Ta hana ni ɗaukar hoto, don haka da baki na kwatanta wa mai kemis ɗin, da guntun yaren nasu da na iya. Ta tambaye ni launin fatar matar. Na ɗora hannuna a kan teburinta, na ce irin wannan. Ta rufe ido ta girgiza kai. Wai irin wannan hasken duhu yake bi, to a fata irin tamu ba ya bambance tabo da fatar kanta, sai ya kama duka. Ta ba ni man shafawa, ta ce likita ya kamata ya gani, kuma kada a taɓa wurin da komai. Sai da ta maimaita kalmar, komai.

Na so in ji haushin abokiyar aikin nan. Na yi ta ƙoƙari a bas. Amma ita a fuskarta ta gwada ta ga ya yi, da zuciya ɗaya ta bayar. To wa zan kama? Wanda ya ƙera abin yana can yana barcinsa.

Alhamis, 6 ga wata, bayan la'asar

Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofar ɗakin. Ina jin ita ma ta jingina ta ciki.

Na ce, "Gimbiya, ki nuna wa Inna kawai. Ƙuna ce, ba sata kika yi ba."

"Malam, kai ba ka wanke tsofaffi."

Aikinta ke nan, a gidan kula da tsofaffi. Ta ɗaga su, ta yi musu wanka, ta canja musu ƙunzugu, ta ba su abinci a baki. Mutanen gida sun san aikin asibiti take yi, ba mu taɓa ƙara bayani ba, su ma ba su tambaya ba.

Ta ce, "Duk wadda na wanke, kaina nake gani. In na dawo na sa abin nan a fuska, minti goman nan ne kaɗai ba na jin warin wurin."

Ban san haka ba. Ina kwana kusa da ita ban sani ba.

"Ranar da zan taho ka san abin da Inna ta ce mini? Ta ce ƙasar mutane cin mutum take yi. Na rantse a raina ba za ta gani a fuskata ba. Duk Lahadi ka ga yadda take kiran maƙwabta, ku zo ku ga 'yata, kamar jiya ta tafi. Abin da na ba ta ke nan, Malam. Ban zauna na yi jinyarta ba, ina nan ina jinyar uwayen wasu. Fuskar nan kaɗai na ba ta. Yanzu in ɗauko wannan in kai mata tana kwance?"

"Sai yaushe ke nan?"

"Ya ɗan lafa. Lahadi mai zuwa."

Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa a gida ba. Na rantse. Bakina ne, ba wanda ya matsa mini wuƙa.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ta bar saƙon murya. An sallamo Inna daga asibiti, ba don ta warke ba. Likita ya ce su koma gida a yi ta addu'a. Ruwa-ruwa kawai take iya sha.

Tafiya ba ta taso ba. Takardunmu suna ofis ana sabuntawa, wanda ya fita yanzu ba ya dawowa. Wayar nan ita ce jirginmu, ita ce motarmu.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ta fito. Ta saki labule duka, ta kashe fitila, ta ja mayafi har kan hanci, ta zauna a lungun da ya fi duhu. Ni na riƙe wayar daga nesa kamar yadda ta umarta.

Inna ta rame har kunnuwanta sun yi girma. Ta kafa wa wayar ido.

"Auta, wace ce wannan?"

"Anti ce mana, Inna."

"An ɗauke musu wuta ne a can ma? Ku kunna fitila. Ke, cire abin nan a baki, ba na jin ki."

Matata ta miƙo hannu ta kashe kiran. Ta koma ɗaki, makulli ya yi ƙara. Wayar ta yi ta ruri a hannuna har ta gaji.

Na rubuta wa Auta cewa layi ne ba kyau. Na fara ƙwarewa.

Litinin, 10 ga wata, da sassafe

Bayana yana ciwo. Kujerar falo ba don kwana aka yi ta ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Injin ya tsaya da rana, aka sallame mu da wuri. Ina buɗe ƙofar gida na ga jan haske yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗaki. Ta manta ba ta kulle ba.

Tana kwance da Dodo a fuska, a kan ɗanyen ciwo. Bushiya tana kan teburin madubi, da ɗan jini a jikin alluran.

Ban san na iya irin wannan ihun ba. Ta tuɓe abin ta jefar, ta rufe fuska da tafin hannu, amma na riga na gani. Ya fi na makon jiya muni, nesa ba kusa ba.

"An ce jan hasken yana warkar da fata! An ce alluran suna tayar da sabuwa!"

"Wa ya ce?"

"A waya na gani."

"Wayar ce ta ƙone, ko ke?"

"So nake ya warke kafin Lahadi! Kana ganin don kwalliya nake yi? Uwata ce take mutuwa, Malam, ba taka ba!"

Tana faɗa ta kama bakinta. Na ɗauko jakar aikina na zuba su duka, Dodo da Dutsen Guga da Bushiya da Walƙiya, da wayoyin cajinsu. Ta riƙe hannun jakar muna ja kamar yara. Da ta saki sai ta zauna a ƙasa.

Gaskiya dai, a wurinta ba hauka ba ne. Abin da ya yi maka shekara bakwai yana gyara, in abu ya lalace shi za ka fara ɗauka. Ni ma in injin ya tsaya, maɓallin da na saba dannawa nake ta danna.

Laraba, 12 ga wata, hutun cin abinci

Na cusa jakar a lokar ajiyar kayana ta wurin aiki, zik ɗin ya buɗe, Dodo ya leƙo. Kafin in rufe Dogo ya fizge shi ya kifa a fuska, ya shiga tsakiyar ɗakin canja kaya yana rangaji.

"Ashe sirrin ke nan! Tsoho, shi ya sa kullum kake ƙyalli kamar sabon kwano. Ara mini in yi kwana biyu da shi, ko matata ta daina kirana kakanta."

Kowa ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, har hawaye suka zo, daga nan kuma suka ƙi tsayawa. Dogo ya cire abin a hankali, ya mayar a jaka, ya ja zik ɗin da kansa. Da muka koma bakin inji, sai da muka saka zannuwa da yawa sannan ya tambaye ni.

"Madam ce?"

Na gyaɗa kai.

"Ka kai ta asibiti. In ta ƙi, ka ɗauke ta cak. Ni zan riƙe maka kusurwarka gobe."

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana, a bencin asibiti

Ba sai da na ɗauke ta ba. Ta tashi da zazzaɓi, kuncin hagu ya kumbura har ya danne ido.

Likitar yarinya ce, ba ta yi mana faɗa ba, na so ma ta yi. Ta ce ƙwayar cuta ta shiga ta hujin alluran. Ta rubuta magani, ta ce kumburin zai sauka, amma tabon sai an yi watanni, wani ma wataƙila ya zauna ke nan.

Matata ta ce, "Zuwa Lahadi fa?"

Likitar ta dube ni, tana tsammanin yaren ne ya ba ta matsala. Na ce a bar maganar.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Auta ta kira ni. Ba mijin Anti yau, ba wasa.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Dukan ta ka yi?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Mako biyu tana ɓoye fuska. Kyamara, wanka, layi. Mu ba yara ba ne. Inna da bakinta ta ce, ko ɗan nan ya taɓa ta ne."

Na ce ban taɓa ta ba.

"To mene ne?"

Na ce ta tambayi yayarta.

"Ai shi ke nan," in ji ta, ta kashe.

Shekara nawa ina gaida Inna a durƙushe, ko a waya sai na sunkuyar da kai. Ban taɓa ɗaga wa 'yarta yatsa ba. Yau tana bakin kabari da tunanin ni ne. In ta tafi da shi fa? A ina zan same ta in wanke kaina?

Amma in ni ne a wurinsu, me zan zata? Mace a ƙasar da ba ta da kowa sai miji, ta rufe fuska da mayafi a cikin ɗakinta. Ni ma abin da zan zata ke nan. Wannan ne ya fi ci mini rai, ba ni da ko wanda zan ce ya zalunce ni.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ni kaɗai na zauna a bakin taga.

"Inna, ina wuni. Ya ƙarfin jiki?"

Ta daɗe tana kallona. Ba ta amsa gaisuwar ba, ita da ba ta taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba.

"Ina 'yata?"

Na ce zazzaɓi take yi. Wannan karon gaskiya ce, amma a bakina ta yi ɗanɗanon sauran.

"Zazzaɓi yana hana a ga mutum?"

Ta juya fuska wajen bango. Auta ta bar wayar a kan ƙeyarta na ɗan lokaci, da gangan, don in gani da kyau.

Litinin, 17 ga wata, a cikin bas

Na san yadda ake karɓar labarin rasuwar uwa a ƙasar mutane. Na san inda nake tsaye a ranar, na san zanen da ke hannuna. Ba zan rubuta ba.

Talata, 18 ga wata, da yamma

Ba ta fito ba. Kumburin ya fara sauka, in ji ta, ta bayan ƙofa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na gaya mata abin da ake zargina da shi. Na yi niyyar faɗa a hankali, ban iya ba.

Ƙofar ta buɗe. Ta tsaya a gabana ba mayafi, ta ce, "Kai? Kai suka ce?" Ta ɗauki wayarta, ta ɗauki hoton fuskarta a hasken kicin, ta tura wa Auta kafin zuciyarta ta canja. Na ji sanyi a raina, na ce yau an gama.

Auta ta kira tana kuka. "Innalillahi. Anti, me kika yi wa kanki? Mijin Anti, ka yafe mini don Allah, bakina ne ya yi gaba." Na ce ba komai. Akwai komai, amma ba yanzu ba.

Sai ta ƙara da abin da ban zata ba.

"Anti, kada ki nuna wa Inna wannan. Wallahi ƙarasa ta zai yi. Ni zan ce mata kin ƙone da man girki, kina jin sauƙi. Ki bari ya lafa."

Matata ta dube ni, irin kallon ka ji ko. Da su biyu ne a gefe biyu, ni a tsakiya. Yanzu sun haɗe, ni kaɗai ne a waje. Kowa so yake ya lafa. Ba wanda ya tambayi ciwon Inna ko zai jira.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Auta ta ce Inna ta fara rikita mutane. Ta kira maƙwabciya da sunan wadda ta daɗe da rasuwa. In ta farka tambayarta ɗaya ce, yau Lahadi?

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

Muna kicin, tana wanke kofi da baya gare ni. Na faɗi abin da ban taɓa faɗa mata ba duk zamanmu a nan.

Na ce, "Ni murya kawai na samu. Muryar ma ba ta tsohuwata ba ce, ta ƙanena ce, yana cewa an riga an kai ta. Da za a ce in ƙona fuskata da injin gugar can a ba ni minti ɗaya ta kalle ni, wallahi da na kifa kaina a ciki. Ke an ba ki, kina cewa ya lafa."

Ta ci gaba da wanke kofin da ya riga ya fita.

"Ba ka da tausayi, Malam."

"Wataƙila."

Na fita na zaga unguwa har ƙafata ta gaji. Ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Auta ba ta jira yamma ba, da hantsi ta kira. "In za ku yi magana da ita, ku yi yanzu."

Na je zan ƙwanƙwasa ɗakin, na tarar ta riga ta fito. Ta ɗaga labulen da kanta, ta zauna a wurinta na kullum, rana tana dukan fuskar. Ba hoda, ba mayafi a kai sai ɗankwali. Ta ce, "Riƙe mini, hannuna ba zai iya ba."

Auta ta ce, "Anti, kin tabbata?"

"Juya mata."

Inna ta buɗe ido da ƙyar. Ta kalla, ta kalla.

"Yaya?" in ji ta. "Yaya, ke ce?"

Auta ta sunkuyo ta raɗa mana cewa yayar Inna take nufi, wadda ta raine ta, mai zanzana a fuska, ta rasu tun Auta da matata suna yara. Ta buɗe baki za ta gyara wa Inna, matata ta ɗaga mata hannu.

"Ni ce," ta faɗa a hankali, tana buɗe baki sosai don a gani.

"Kin zo ɗaukata ne? Dakata tukuna. Zauna in ba ki labarin yarinyar nan tawa da ke ƙasar mutane." Ta huta, Auta ta ɗiga mata ruwa a leɓe. "Ta ɓoye mini fuska. Tana ganin ban san komai ba. Ni kuwa hannunta nake kallo duk Lahadi, in ta ɗaga za ta gyara ɗankwali. Hannun ya gaya mini tun tuni, Yaya. Hannun mai wahala ne, duk ya tsattsage."

Matata ta sauke hannuwanta ƙasa da wayar, ta matse su tsakanin cinyoyi.

"Maƙwabtan da nake kira su ga fuskar, don ta ji daɗi ne. Na ga ta sha wahala a kanta. In ban yaba ba wa zai yaba?"

"Haka ne."

"In kin gan ta, ki ce mata ban riƙe ta da komai ba. Shi ma ɗan nan, na zarge shi a raina, ki ce ya yafe mini."

"Zan faɗa musu," in ji matata.

"Matso in gan ki da kyau."

Ta matso har fuskar ta cika wayar, kumatu biyu da goshi, komai a fili. Inna ta ɗaga yatsa ta taɓa gilashin. Ta daɗe a haka.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Allah ya ba ki masu jin ƙanki."

Daga nan barci ya ɗauke ta. Auta ta bar mana wayar a buɗe, muka zauna muna kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, har cajin ya ƙare.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Jiya da asuba Inna ta rasu. Ban je aiki ba, Dogo ya san dalili.

Ba ta koma ɗaki ta kulle ba. 'Yan uwanmu na nan sun zo gaisuwa, ta karɓe su da fuskarta a buɗe, masu kallo suka kalla, masu kau da kai suka kau. Da suka watse ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa.

"Malam, ka gaya mini gaskiya, kai ba ka iya lallashi ba. Ta gane ni?"

Na ce ban shiga zuciyarta ba, ba zan rantse ba. Amma a iya sanina da Inna, mace ce mai sanin girman na gaba, ko a magagin ciwo. Ƙanwa ba ta sa wa yayarta albarka. Daga sama take saukowa.

"Na sani," ta ce. "So nake in ji wani ya faɗa."